Na rage ƙiba, jinina ya sauka: in rage maganin hawan jini ne? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan suna yawan fitowa daga bakin masu hawan jini a nan Maradi, musamman waɗanda suka dage suka sauke teɓa, suka rage gishiri, suka kama tafiyar ƙasa, yanzu kuma suna kallon kwalin magani suna lissafin ranar rabuwa. Amsoshin na kowa da kowa ne. Wanda zai taɓa odonansinka kuwa shi ne likitan da ya san jikinka.

1. Da gaske ne rage ƙiba na saukar da hawan jini?

Gaskiya ne. Da aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, an ga cewa kowane kilo 1 da mai ƙiba ya sauke yana rage masa kusan maki 1 a lambar sama ta awon tansiyo. Wanda ya sauke kilo 10 yana iya tashi daga 150 ya dawo wajen 140. Jiki mai nauyi yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jijiyoyin jini su ɗaure, ga munsharin da ke yanke numfashi cikin barci, wanda shi ma yana tayar da jini. In nauyin ya ragu duk waɗannan sai su yi sauƙi. Sai dai ba kowa ke samun ragi iri ɗaya ba: wanda ya gaji ciwon, ko ya manyanta jijiyoyinsa suka yi tauri, nasa ragin bai cika yawa ba.

A asibitocinmu za ka ji an ce jininka 14/9, na'urar gida kuma ta nuna 140/90. Awo ɗaya ne, sifili aka cire. A nan za mu bi lissafin na'ura.

2. Gishiri da motsa jiki fa, su ma suna da tasiri?

Sosai ma, kuma mu baƙar fata gishiri ya fi saurin tayar mana da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duka-duka har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Ɓoyayyen nan shi ne matsalar. Uwargida za ta rantse ta daina zuba gishiri a miya, amma ta murmushe dunƙulen Maggi uku a tukunya, ta jefa kanwa a miyar kuka da wake, a kawo yajin da aka daka da gishiri a barbaɗa a kai. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce a wajen jini. Haka kilishi, kifin gwangwani da burodi.

Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, tana iya rage wa mai hawan jini maki 5 zuwa 8. Ba sai an sayi kayan wasanni ba. Mutumin da ya saba tsayar da kabu-kabu daga Ali Ɗan Sofo zuwa babbar kasuwa, in ya mai da wani sashen hanyar tafiyar ƙasa da sanyin safiya, ya yi abin da ake nema. In aka haɗa ragin nauyi, na gishiri da na tafiya, ana iya samun saukar da ta kai aikin ƙwayar magani guda.

3. To me zai hana in ci gaba da shan maganina yadda na saba?

Sau da yawa babu abin da zai hana. In awonka yana zama tsakanin 120 da 135 a sama, ƙasa da 85 a ƙasa, ba jiri ba kasala, to magani da ƙoƙarinka ne suka haɗu suka kai ka inda ake so. Ba a gyara abin da ke daidai.

Amma adadin maganin da aka yanka maka kamar riga ne da tela ya ɗinka lokacin kana kilo 95. Yanzu kana 80, wataƙila ta yi maka yawa. In magani ya fi ƙarfin buƙata, jini zai sauka fiye da kima, kuma wannan ma yana da haɗarinsa, musamman ga tsofaffi. Alamun suna tambaya ta 4.

4. Ta yaya zan gane maganin ya fara yi mini yawa?

Babbar alama ita ce jiri in ka miƙe tsaye. Mutane sun fi lura da shi a wajen salla: ka ɗago daga sujada ko ruku'u sai duhu ya rufe maka ido, ka dafa bango ko kafaɗar na kusa. Wasu kuma da asuba ne in sun sauko daga gado, ko in sun miƙe daga tsugunno a bayi. Akwai kasala marar dalili, da jin ƙafafu ba ƙarfi, da faɗuwa.

Ana iya gwadawa. A auna ka kana kwance bayan hutun minti 5, sannan ka miƙe a sake aunawa bayan minti 1 da kuma minti 3. In lambar sama ta faɗi da maki 20, ko ta ƙasa da maki 10, jininka yana zubewa in ka tashi. Haka in awo yana yawan nuna ƙasa da 100 a sama tare da waɗannan alamu, ko ya sauka ƙasa da 90/60. Kada ka jira ranar randebu; ka je cikin kwana ɗaya ko biyu. In har suma aka yi, ranar nan za a tafi.

5. Awona ya yi kyau wata da watanni. In daina sha kawai in gani?

A'a. Kyakkyawan awon nan da kake gani, da magani a jikinka aka same shi, ba ka san nawa ne rabon maganin a ciki ba. Gwajin da mutane ke yi wa kansu yana da ruɗi: amlodifin, alal misali, yakan yi kwanaki kafin ya fita daga jiki, don haka mutum zai daina, ya auna bayan kwana uku ya ga lafiya lau, ya ce ya warke. Jinin kuma yakan dawo a hankali, cikin makonni ko watanni, lokacin an riga an daina awo. Hawan jini bai cika sallama ba. Da yawa ba su san ya dawo ba sai da ɓarin jiki ya shanye.

Akwai kuma magungunan da yanke su farat ɗaya ke da haɗari a kan kansa. Masu rage bugun zuciya irin su atenolol, bisofurolol da Avlocardyl, in aka tsayar da su kwatsam zuciya tana iya ɗaukar gudu, mai ciwon jijiyoyin zuciya kuma ya samu ciwon ƙirji mai tsanani. Catapressan shi ma in aka yanke shi jini yana iya yin tsalle ya wuce inda yake tun farko. Irin waɗannan a hankali ake janye su.

6. Wane ne likita ya fi yarda ya rage wa, ko ma ya tsayar masa?

Wanda jininsa ya zauna daidai na dogon lokaci, galibi shekara guda ko fiye. Yana shan magani iri ɗaya tak kuma kaɗan. Hawan nasa tun asali bai yi tsanani ba. Ciwon bai taɓa masa zuciya, ƙoda, ido ko ƙwaƙwalwa ba. Nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya, ba yau ƙasa gobe sama ba. Sharaɗi na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a wajenmu, shi ne mutum zai iya dawowa awo a kai a kai. Ɗan kasuwar da yau yana Jibiya, gobe Kano, jibi Yamai, bai tsayawa a auna shi, gara ya zauna kan ƙwayarsa.

Kada a sa rai da yawa. A binciken da aka tattara kan waɗanda aka tsayar wa magani, kimanin mutum 1 cikin 4 ne jininsa ke nan daidai bayan shekara 2. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka mai suna TONE, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya bi mutum 975 masu shekara 60 zuwa 80 da aka janye wa magani. Waɗanda suka haɗa rage ƙiba da rage gishiri su suka fi kowa daɗewa ba magani, amma ko a cikinsu fiye da rabi ba su kai ƙarshen gwajin a haka ba. Saukowa daga ƙwaya uku zuwa biyu, ko daga miligiram 10 zuwa 5, shi ne abin da akasari ke samu, kuma ba ƙaramar riba ba ce ga aljihu da jiki.

7. In ya yarda, yaya ake ragewar?

Ɗaya bayan ɗaya. Likita zai zaɓi magani guda ya rage ƙarfinsa, yawanci zuwa rabi, ya bar sauran yadda suke, ya ce ka dawo bayan mako 2 zuwa 4 da takardar awonka. In jini ya tsaya, a jira, sannan a ƙara taku ɗaya. In ya motsa sama, a koma inda aka baro. Wanda za a fara taɓawa ya danganta da kai. Mai kumburin idon sawu, amlodifin ake zargi. Mai busasshen tari da ya ƙi ji, kaftofuril ko inalafuril. Mai jiri da yawan fitsari, maganin fitsari, wato mai sa yawan fitsari, irin su Esidrex ko Fludex. Wanda kuma ke kare wata gaɓa ta jiki ba a fara da shi, duba tambaya ta 11.

Abubuwa biyu da mutane ke ƙirƙiro wa kansu, duka ba daidai ba ne. Na farko shan magani yau a tsallake gobe, ko sha sai ranar da kai ke ciwo. Na biyu raba ƙwaya da wuƙa ba tare da tambaya ba. Ƙwayar da aka rubuta LP a kwalinta, kamar Loxen LP ko Fludex LP, an yi ta ne ta riƙa sakin magani a hankali. In aka fasa ta ko aka tauna, sai ya zubo gaba ɗaya. Wata ƙwayar kuma magani biyu ne a haɗe, raba ta rage duka biyun ne. A tambayi mai farmasi kafin a fasa kowace.

Ko an kai ga tsayarwa ɗungurungum, awo bai ƙare ba: kowane wata a watannin farko, daga baya a riƙa tazara, amma ba a bari.

8. Yaya zan auna a gida har likita ya yarda da lambobina?

Na'urar da ake ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu. Minti 30 kafin awo ba shayi, ba kofi, ba goro, ba taba. Ka yi fitsari, ka zauna a kujera ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ka yi shiru minti 5. Ka auna sau biyu da tazarar minti 1, da safe kafin shan magani, da kuma dare. Ka yi haka kwana 7 a jere, ka rubuta duka a kaye, har da lambar bugun zuciya. Na ranar farko ba a lissafa shi. A gida, matsakaicin da ke ƙasa da 135/85 shi ne daidai, don jinin mutane da yawa yakan ɗan hau in sun ga farar riga.

Abin da ake mantawa: damtsen da ya rame yana iya buƙatar wani maɗaurin. Ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ƙara lamba, wanda ya yi yawa kuma yana rage ta. Wanda ba shi da na'ura ya zaɓi wuri ɗaya, CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko farmasi, ya riƙa zuwa a lokaci ɗaya, ya huta kafin a ɗaura masa. Awon wanda ya shigo yana haki daga rana ba abin dogaro ba ne.

9. Ina jin nauyin in ce wa likita ya rage mini. Me zan faɗa?

Ba rashin kunya ba ne. Ka tafi da kayen awonka, da kwalayen duk abin da kake sha har da na gargajiya, ka ce: "Likita, da ina kilo kaza, yanzu ina kaza, ga awona na mako guda, kuma ina ganin jiri in na ɗago daga sujada. Ko akwai abin da za a gyara?" Mai yiwuwa ya rubuta maka awon ƙoda, na sukari da na gishirin jini kafin ya yanke shawara.

10. Lokacin zafi da azumi jirin ya fi yawa. Akwai dalili?

Akwai. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke wuce digiri 40, jijiyoyin fata suna buɗewa, gumi yana kwashe ruwa da gishiri, jini ya sauka da kansa. Adadin da ya yi maka daidai da hunturu yana iya yi maka yawa da bazara, balle ga wanda ya sauke kilo 10 a tsakani. Shi ya sa awon bazara kaɗai bai isa hujjar tsayar da magani ba. In sanyi ya shigo jini yakan ɗan ɗaga.

Game da azumi, a ga likita tun cikin Sha'aban. Yawancin magungunan sau ɗaya a yini ana mai da su lokacin buɗa-baki ko sahur ba tare da matsala ba. Maganin fitsari ne ke son lura, don shan sa da sahur yana iya busar da mutum kafin la'asar. Wanda ake shan nasa sau uku a yini, kamar yadda ake yi da kaftofuril wani lokaci, ana iya canza masa da mai dogon aiki. Ban ga hikimar fara rage magani a tsakiyar azumi ba in ba dole, domin barci da ci duk sun sauya, awon ba zai nuna gaskiyar sauran watanni ba.

11. Ina da ciwon sukari. Wani kuma zuciya ko ƙoda. Mu ma haka ne?

Naku daban ne. Kaftofuril, inalafuril, losatan da danginsu sau da yawa ana ba mai sukari ne don su kare masa ƙoda, ko da jininsa bai hau sosai ba. Atenolol ko bisofurolol kuma wataƙila don zuciya aka rubuta su. Lasilix na mai kumburi da sarƙewar numfashi ne. Saukar awo ba ta cire waɗannan dalilai. Sannan ga mai sukari, mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ana son lambar sama ta zauna ƙasa da 130, ba 140 ba.

Mai sukari ya ƙara lura da wani abu: rage ƙiba yana saukar da sukari ma. Mai allurar insulin ko mai shan Daonil yana iya samun rawar jiki, gumi da jiri saboda sukari ya faɗi, ya ɗauka jini ne. A auna duka biyun.

12. Zazzaɓi ya kama ni, ina amai da gudawa. In sha ko in bari?

Da damina wannan tambaya ba ta yankewa. In jiki yana zubar da ruwa kuma ba ka iya sha, maganin fitsari da dangin kaftofuril da losatan suna iya wahalar da ƙoda. Sau da yawa likita kan ce a dakata da su kwana ɗaya ko biyu har ci da sha su dawo, sannan a ci gaba. Ka nemi a faɗa maka tun kana lafiya wanne ne cikin naka ke cikin wannan rukuni, ka sa masa alama a kwali. Masu rage bugun zuciya ba sa ciki, duba tambaya ta 5.

13. Na rage ƙiba ne don ina neman haihuwa. Me ya shafe ni?

Ki faɗa wa likita tun kafin ciki ya shiga. Kaftofuril, inalafuril da losatan suna cutar da ɗan tayi, ana canza su da irin su Aldomet ko nifedifin. A tsakiyar ciki jini yakan sauka da kansa, ya sake hawa wajen ƙarshe, don haka gyaran magani na masu awon ciki ne. Bayan haihuwa kuma, kunun kanwa bai dace da mai hawan jini ba ko kaɗan, ko da Inna ta matsa. A yi mata bayani cikin ladabi, a dama kunun ba kanwa.

14. Zoɓo, tafarnuwa da zogale ba za su maye gurbin ƙwaya ba?

Zoɓo yana ɗan saukar da jini, an gwada an gani. Amma na ƙulli da ake sayarwa a tasha sukari ne zalla, yana mai da kilon da aka sha wuya aka sauke. Zogale abinci ne mai kyau, a ci kwaɗonsa. Babu ɗaya cikinsu da ke da sanannen adadi irin na ƙwaya, yau jiƙon ya yi kauri gobe ya tsinke. Mai shan zoɓo kullum ya faɗa wa likita, tunda yana iya haɗuwa da maganin fitsari su ƙara jiri. Garin da ake tallarsa da lasifika ana cewa yana tumɓuke hawan jini daga saiwa, da shayin rage teɓa da ba a san abin da ke ciki ba, ƙodarka ta fi ƙarfin wannan caca.

15. Baba ya rame ba tare da ya nema ba, jininsa ma ya sauka. Mu yi murna?

Ku kai shi asibiti tukuna. Ramar da ba a nema ba, wadda ta kai kashi 5 cikin 100 na nauyin mutum a wata 6 zuwa shekara, alama ce da ake bincike: sukari, tarin fuka, ciwon maƙoƙo mai ƙona jiki, ciwon daji, ko dai rashin ci saboda haƙora ko damuwa. Jinin tsoho da ya daɗe yana hawa in ya faɗi haka kawai, wani lokaci zuciya ce ta gaji. Za a iya rage masa magani don kada ya faɗi ya karye, amma neman dalilin ramar shi ne gaba. Ku je da duk kwalayensa, kuma wanda ke ba shi maganin a gida ya bi ku.

16. An rage mini, ga shi jini ya sake hawa. Ƙoƙarina ya tashi a banza ke nan?

Bai tashi ba. Kilon da ka sauke yana nan yana yi wa sukarinka, gwiwoyinka da barcinka aiki, kuma da ba don shi ba da magani ya fi haka yawa. Kafin a ƙara ƙwaya a duba abin da ya canza. A hau sikeli, don nauyi yakan dawo a ɓoye, musamman bayan sallar layya da lokacin bukukuwa. A duba magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen da ake saye wurin masu yawo da magani, suna tayar da jini kuma suna rage ƙarfin maganinsa. Haka maganin da ke tafasa a ruwa irin Efferalgan, akwai gishiri a cikinsa. Da maganin mura mai buɗe hanci. Da ƙwayoyin sa ƙiba irin desametazon. Da wasu mayukan bilicin. Da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. In ba a samu komai ba, a koma adadin da ya riƙe ka a baya.

In awo ya kai 180/120, ka huta minti 5 ka sake. In bai sauka ba, a ga likita ranar nan, kuma kada ka haɗiye ƙwaya biyu don ka rama. In kuwa akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ko gani ya dushe, ba a jiran sake awo. A nemi mota a wuce sashen gaggawa na babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.